Haƙoran yaranmu da ruwan sabon tanki

Uwar Tagwaye: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, kuma don Allah kada wani ya ɗauka siyasa na kawo. 'Yata mai shekara bakwai ta yi famfara bara, haƙoran gaba huɗu suka fito. Tun fitowarsu na ga wani fari-fari a jikinsu kamar an ɗiga alli, ba irin farin nan mai sheƙi ba. Yanzu na saman guda biyu sun fara ratsin ja, kai ka ce goro da fure take ci. Na dirje da asuwaki, na dirje da gawayi da gishiri har dasashinta ya yi jini, ko gezau. Jiya ta dawo daga Islamiyya ta ƙi cin tuwo, wai wata ta ce mata mai ruɓaɓɓen baki. In za ta yi dariya yanzu sai ta sa hannu ta rufe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanta mai shekara goma sha huɗu haƙoransa fari tas. Uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya. Bambancin da na iya gani kawai, shi ruwan tsohuwar rijiyar bakin kasuwa ya sha yana ƙarami, ita kuwa tun da na yaye ta ruwan famfon sabon tankin sola take sha. Ga tagwayena watansu biyar, ina shirin fara ba su kunu. Akwai wadda ta ga irin wannan a ɗakinta?

Amaryar Layin Makera: Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi kamar kin shiga gidanmu. 'Ya'yan uwargidana biyu haka bakinsu yake. Mu gado muka ɗauka, don an ce akwai mai irin haƙorin a dangin kakarsu.

Ɗan Kwamitin Ruwa: Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Amma ina roƙon arziki a yi hattara da irin wannan magana a bainar jama'a. Shekara nawa muka yi muna zarya kafin a haƙa mana rijiyar burtsatsen nan? Kin manta lokacin da mata ke fita tun asuba da bokiti, a dawo hantsi da ruwa kamar kunun kanwa? Ruwan tankin nan ki zuba shi a kofin gilas ki ɗaga, ko ƙwayar ƙura babu. Ba wari, ba ɗanɗano. In ma ruwa za a zarga, ai na tsohon layin famfo ya kamata a zarga, wanda ke zuwa jajir yana ɓata wa mutane fararen kaya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Uwar Tagwaye: Malam, ban manta ba, da ni aka yi fitar asubar, da tsohon ciki ma. Ban ce a rufe komai ba. Tambaya na yi.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, tambayarki tana kan hanya. Na bar aiki amma har yanzu ina leƙa makarantar firamare ina taimaka musu da karatun safe. Na daɗe da lura cewa 'yan aji biyu da aji uku da yawansu bakinsu haka yake, amma in na haɗu da 'yan sakandare a masallaci ba na ganin abin sosai. Na yi shiru ne don ban san me zan kira shi ba. Gado ba ya zaɓen aji. Ruwa kuma ba ya tsami banza.

Malamar Jinya: Yaya, da farko ki daina dirzar nan da gawayi. Tabon ba a saman haƙorin yake ba, a cikin ginin haƙorin yake, dirza sai dai ta cinye ɓawon ta ƙara masa rauni. Abu na biyu, ki tuna ko an taɓa ba ta kafson nan ja da yalo tana ƙarama, ko ke kin sha da cikinta. Tetracycline ke nan, ba a ba yaro ƙasa da shekara takwas ko mai ciki, don yana rina haƙoran da ba su fito ba. Zazzaɓi mai zafi a jarirantaka ma yakan bar tabo. Amma waɗannan yaro ɗaya suke kamawa a nan, wani can. In abu ya bi unguwa, ya kuma bi sa'o'in haihuwa kamar yadda Baba Hedimasta ya faɗa, to hankalina ya fi tafiya ga sinadarin fuloraid a ruwan sha. Ban yanke hukunci ba, awo ne kaɗai zai yanke.

Uwar Tagwaye: Ba ta taɓa shan kafson ba, Anti. Ni ma ban sha ba.

Bagobiri: Salamu alaikum. Ni ba ɗan garinku ba ne, aure ya haɗa mu, matata ɗiyarku ce, shi ya sa anka sa ni cikin zauren ga. Ban taɓa magana ba sai yau. Da na karanta zancen yarinyar ga sai da gabana ya hwaɗi, don na san abin ga da idona.

Ni mutumen Tibiri ne, Tibirin Gobir, nan kusa ga Maradi. A 1985 anka buɗe muna foraj, wato rijiyar burtsatse, mai zurhi, anka ja pampo cikin gari. Murnar da munka yi ba ta hwaɗuwa. Ruwa garai-garai, irin wanda ɗan'uwa na kwamiti ya kwatanta, ka ɗaga kofi ba ka ganin komi. Mu da munka riga munka girma ba abin da ya same mu sai kaɗan. Ƙannenmu da anka haifa bayan nan su abin ya hwaɗa ma. Da fari haƙora, ja kamar an rina. Ba wanda ya damu, anka ce haƙori ne kawai. Daga baya sai ƙahwahu sunka fara lanƙwashewa, wani kamar baka, wani gwame har guwawu na gugar juna. Wasu kansu ya yi girma. Ina da ƙane, yana da shekara shida in ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, kamar tsoho. Uwarmu ba inda ba ta kai shi ba. Wani ya ce iskoki ne, wani ya ce maita, wani ya ce jinin gidanmu ne. An sha rubutu, an yi turare, ana gama wa a ɗebo ruwan pampon nan a ba shi ya kora.

Wajen shekara goma sha biyar ana shan ruwan ga kahin a tabbatar shi ne, a daina ba mutane. Da anka auna, fuloraid ɗin ya wuce ninki ukku na abin da anka yarda da shi. Yara dubbai haƙoransu sunka lalace, ɗaruruwa ƙashinsu ya nakasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, da ta duniya FIDH sun bi maganar, har sunka hidda rahoto a 2002. Amma rahoto ba ya miƙe ƙahwa. Ƙanena yau magidanci ne, ɗinki yake yi, don ba ya iya noma.

Ban ce naku ya kai namu ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi mu ma da haƙori munka fara, kuma mu ma an ce muna kada mu ɓata ma ruwa suna.

Amaryar Layin Makera: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka muku, Baban yara.

Ɗan Kwamitin Ruwa: Malam Bagobiri, jikina ya yi sanyi, Allah ya ba ƙanenka haƙuri. Amma bari in faɗi abin da nake tsoro ƙarara, don ni ake bugo wa waya in an yi gawa. In maganar nan ta fita a gurguje, gobe mata za su bar famfo su koma rijiyar bakin kasuwa da kududdufin bayan gari. Rijiyar nan taku nawa ne tsakaninta da masan kasuwa? A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, mafi yawa a nan arewa. Mu da muka ɗauki yara a amalanke zuwa asibiti a daminar nan mun san me muka gani. Amai da gudawa a kwana ɗaya yake kashe yaro. Haƙori kuwa ko ya yi ja ana tauna tuwo da shi.

Mai Awon Ruwa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aikina ke nan, a ɗakin gwajin ruwa nake, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Yaya na kwamiti, tsoronka gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa ganin sansanin kwalara ba. Inda na saɓa da kai shi ne batun ido. A harkar ruwa ido yana yawan kuskure. Jan ruwan tsohon layi da kake magana, galibi ƙarfe ne, ko daga ƙasa ko daga tsatsar bututu. Yana ɓata kaya, yana sa shayi ya yi baƙi, amma shi kansa ƙarfen ba kasafai yake cutarwa ba. Su kuwa fuloraid da dalma da naitiret da arsenik, duk cikinsu ba mai launi ko wari a yawan da yake cutar da mutum. Ruwa zai iya fin hawaye haske yana ɗauke da su.

Fuloraid ba zuba shi wani ya yi ba, kada a fara neman wanda za a tsine wa. Daga dutse yake. Ruwan da ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da shi a hankali, shi ya sa rijiya mai zurfi ta fi yawan samunsa fiye da rijiyar guga. A Najeriya an san yankin Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da wannan matsala. A arewacin Ghana akwai Bongo, a arewacin Kamaru akwai kwarin Mayo Tsanaga. Kuma rijiya biyu a gari ɗaya za su iya bambanta ƙwarai, don ba jijiyar ruwa ɗaya suka taɓo ba.

Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma haka ta ce. In ya haura wannan, tabon haƙori yake fara bayyana ga yaran da haƙoransu ke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas. Wannan ne ya sa wan yarinyar ya tsira, nasa na gaba sun riga sun ginu kafin tankin ya zo. In ya haura sosai aka kuma daɗe ana sha, sai ya shiga ƙashi, irin na Tibiri. Mu nan muna da ƙarin rauni biyu: zafi yana sa mu sha ruwa fiye da mutanen ƙasashen sanyi, sannan yaron da ba ya samun nono da abinci mai gina ƙashi abin ya fi yi masa illa.

Ɗaliba: Yaya, to ba sai a riƙa tafasawa ba? Haka aka koya mana a makaranta.

Mai Awon Ruwa: Ƙanwata, nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, in ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Amma fuloraid ba rai gare shi ba balle ya mutu. Ki tuna miya: in kika bar ta a wuta ta ƙone, gishirinta raguwa yake ko ƙaruwa? Haka abin yake. Tururi ya tafi, sinadarin ya zauna. Naitiret da dalma ma haka. Tace ruwa da ƙyalle, ko 'ya'yan zogale da ake daka wa a kwantar da laka, ko ƙwayar Aquatabs da ake jefawa a ruwa ta kashe ƙwayoyin cuta, duk suna da amfaninsu, amma ba su cire fuloraid.

Ɗaliba: Makilin fa? Na duba kwalin namu yanzu, an rubuta akwai shi a ciki.

Malamar Jinya: Akwai, kuma da gangan aka sa, don yana hana haƙori ruɓewa in ya taɓa shi daga waje. Matsalar haɗiyewa ce. Ƙaramin yaro a ɗiga masa kamar ƙwayar shinkafa, wanda ya haura shekara uku kamar ƙwayar wake, a tsaya a kansa har ya tofar.

Yaya Uwar Tagwaye, ga abin da zai kwantar miki da hankali: ko da uwa tana shan ruwa mai fuloraid da yawa, kaɗan ne ƙwarai yake bi ta nono. Ki ci gaba da ba su nono zalla har su cika wata shida, kada ki ba su ruwa ko na kurɓa ɗaya. Inda za ki kula shi ne ruwan da za ki dama kunu da shi bayan nan. Kuma duk mai haɗa wa jariri madarar gwangwani ta fi kowa buƙatar sanin me ke cikin ruwanta, don naitiret, wanda ke shiga rijiya daga masai da takin zamani, jarirai ƙanana yake kamawa. Leɓensu ya yi shuɗi, numfashi ya yi wuya. Iyakar naitiret miligiram 50 ce a lita.

Mai Gyaran Famfo: Ni ba boko na yi ba, amma shekara ashirin ina haƙa ina ɗaura bututu a garin nan, bari in faɗi nawa. Ana ta maganar tanki, a bar tsohon layi kamar lafiya lau yake. Ku bi ni layin mahauta in nuna muku. Fayif ɗin roba kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da tsohon tiyub na babur. In an kawo ruwa yana tsiyaya waje, ba komai. In an ɗauke, fayif ya zama wayam, sai ya riƙa zuƙar ruwan kwatar zuwa ciki kamar yaro da tsinken shan lemo. Ranar da aka sake kawowa, wannan ƙazantar ce ke fara isa gidajenku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu sa injin su ja ruwa kai tsaye daga layi su ma suna ƙara abin, don zuƙar tasu har ta kwatar take haɗawa.

Tankin sama kuma, yaushe rabon da a wanke shi? Na hau bara gyaran bawul, murfin a buɗe na same shi, da kashin tsuntsu a baki.

Ɗan Kwamitin Ruwa: Maganar murfin gaskiya ce, an gyara bayan ka faɗa. Wankin kuwa an kwana biyu, ban musa ba. Kuɗin da ake tarawa ko gyaran inbata ba ya isa.

Ɗan Gari a Kanada: Ina bin ku daga nesa. Abin da Baba mai gyara ya faɗa ya tuna mini wani ƙaramin gari a lardin Ontario da ake kira Walkerton, mutanensa ba su kai 5,000 ba. A watan Mayun 2000 aka yi ruwan sama mai yawa, ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin garin. Kulorin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta bai kai ba, masu kula da ruwan kuma sun daɗe suna cike takardar awo ba tare da sun auna ba. Da mutane suka fara gudawa da jini aka tambaye su, suka ce ruwa lafiya. Mutum bakwai suka rasu, wajen 2,300 suka kwanta. Ƙasa ce mai kuɗi da injuna. Abin da ya ci su shi ne an bar sanin halin ruwan a hannun mutum biyu, ba mai dubawa. Duk abin da za ku yi, a manna sakamakon inda kowa zai gani.

Wani Ɗan Kasuwa: Ni dai tuni na koma fiya wata ni da iyalina. Kowa ya yi haka a huta. Kada a je irin abin Zamfara ne.

Mai Awon Ruwa: Alhaji, na Zamfara daban ne. A 2010 gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, kuma tushenta ƙurar dutsen zinariya da ake daka wa a niƙa a cikin gidaje. Mu nan ba a wannan sana'ar. Ruwan leda kuma, ka tambayi kanka daga ina mai shi yake ɗebowa. In rijiyar burtsatse ce a garin nan, kuma matatarsa ta yashi da gawayi ce da fitilar kashe ƙwayoyin cuta kawai, to fuloraid ɗin yana nan a ledar. Injin da ke tura ruwa ta matsattsen tantani, wanda ake kira RO, shi ne ke cire shi. Ka duba lambar NAFDAC, sannan ka tambaye shi takardar awonsa ta ƙarshe.

Amaryar Layin Makera: Alhaji, mu goma sha tara ne a gidanmu. Ledar nawa za ta dafa mana tuwo?

Malamin Islamiyya: Bismillah. Tun da aka fara wasu ke turo mini saƙo a gefe suna tambaya ko alwala da wankan da suka yi da ruwan nan sun inganta. Sun inganta. A fiƙihu ruwa yana nan mai tsarki mai tsarkakewa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canja da wani abu da ba ya rabuwa da shi a al'ada ba, abin da ya samo daga ƙasar da yake kwance a kai kuwa ba ya ɓata shi. Amma ina jin a nan ne da yawanmu muka haɗa abu biyu. Mun saba auna ruwa da waɗannan siffofi uku saboda ibada, sai muka ɗauka duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ya dace a ba jariri. Hukuncin tsarki daban, sanin cutarwa daban, na biyun kuma masana abin ake tambaya. Wanda aka damƙa wa ruwan jama'a amana ce a wuyansa. In ya ji ƙishin-ƙishin ɗin cutarwa ya ƙi bincikawa don gudun surutu, bai sauke ta ba.

Yarinyar kuma, Hajiya, ki turo mini ajinsu a gefe. Zan yi wa yaran magana gobe ba tare da na kama suna ba.

Uwar Tagwaye: Allah ya ƙara girma, Malam. Na gode.

Ɗan Kwamitin Ruwa: Na ji, Malam. To Mai Awo, a ce an auna an samu ya haura. Sai me? Ka ba ni abin da zan faɗa wa mutane wanda ba "ku koma kududdufi" ba.

Mai Awon Ruwa: Yawwa Yaya, wannan ce tambayar. Ko ya haura ba a rufe tankin. Fuloraid ba ya shiga ta fata, don haka wanka da wanki da alwala da wanke-wanke duk a ci gaba. Abin da za a ware shi ne na sha da na girki, musamman na yara 'yan ƙasa da shekara takwas, wannan kuwa kaso ne ƙarami cikin abin da gida ke kashewa.

Hanyar da ta fi araha ita ce a auna duk majiyoyin ruwan garin, ba tanki kaɗai ba. Sau da yawa sai a samu wata rijiyar nata kaɗan ne. In ƙwayoyin cuta ne matsalarta, wannan muna da maganinsa: a ɗaga bakinta, a yi mata murfi da daɓen siminti, a sa guga ɗaya, a nisanta masai da aƙalla mita 30, a sa kulorin. Kashe ƙwayar cuta ya fi cire fuloraid sauƙi nesa ba kusa ba. Ana kuma iya gauraya ruwan rijiya biyu a tanki ɗaya har awon ya sauko ƙasa da iyaka. Ruwan sama da aka tara a tsaftace shi ma kusan babu fuloraid a cikinsa.

In duk garin ya haura, akwai dabarar da aka ƙirƙiro a Indiya ake kira Nalgonda, da alif da farar ƙasa ake yi, a motsa a bari ya kwanta. Amma kada kowa ya kama zuba alif da ka, sai an auna an faɗi adadi, in ya yi yawa shi ma matsala ne. Akwai kuma gawayin ƙashi, ana amfani da shi a yankin Nakuru na Kenya: a ƙona ƙashin dabba a wuta mai ƙarancin iska, a daka, a tace ruwa ta cikinsa, yana kama fuloraid sosai.

Tsohon Hedimasta: Ƙashi a ruwan sha? Malam, wannan fa?

Malamin Islamiyya: Baba, in ƙashin saniya ne ko rago da aka yanka yankan Musulunci, mai tsarki ne, ba laifi. Na mushe ne malamanmu na Malikiyya suka ce najasa ne. Mahautanmu na nan, sai a san daga inda aka ɗebo.

Bagobiri: Ku auna tun abin yana ga haƙori. Shi ke nan roƙona. Kuma in za a tara kuɗin awo a sa ni ciki.

Ɗan Kwamitin Ruwa: To. Ba zan ɓoye ba, na duba fayil ɗin da aka miƙa mana ranar buɗe tankin, takardar zurfin rijiya da ta injin na gani, ban ga ta awon ruwa ba. Ban taɓa tambaya ba, don ban san ana yi ba. Zan kai maganar gaban Hakimi da sauran 'yan kwamiti ranar Asabar, mu rubuta wa hukumar ruwa ta jiha. Amma kada mu jira amsarsu. Mai Awo, me ake bukata? Sharaɗina ɗaya: kafin sakamako ya fito kada wanda ya ce wa mata su bar famfo su koma rijiyar kasuwa haka nan ba magani.

Mai Awon Ruwa: Na yarda da sharaɗin ɗari bisa ɗari. Wurare biyar za mu ɗiba: bakin rijiyar burtsatse kafin ruwan ya hau tanki, famfon da ya fi nisa da tankin, tsohon layi a ranar da aka kawo ruwa, rijiyar bakin kasuwa, sai randar wani gida, don sau da yawa ruwa yana zuwa lafiya, moɗa da hannun yara su ɓata shi. Na awon sinadarai, gorar roba mai tsafta ta isa, a bar famfo ya zuba minti biyu, a ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, a cika a rufe, a rubuta wuri da rana a jiki. Na ƙwayoyin cuta kuwa ni zan zo da kwalaben, kada a buɗe sai a wurin, kuma a cikin kula da ƙanƙara za su tafi, su isa a ranar. Wanda muke nema a ciki shi ne E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ƙa'ida kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Zan zo da ƙwayar gwajin kulorin ma, a gabanku za a jefa, in ruwan ya yi ruwan hoda akwai kulorin, in bai canja ba babu. Mu yi yanzu da rani, mu maimaita in damina ta sauka.

Mai Gyaran Famfo: Ni zan buɗe muku bakin rijiyar, ina da sifana. In an zo layin mahauta a kira ni, a ɗauki hoton fayif ɗin a haɗa da wasiƙar.

Tsohon Hedimasta: Zan nemi izinin iyaye da shugaban makaranta, in Malamar Jinya za ta samu safiya ɗaya ta duba bakin 'yan aji ɗaya zuwa shida. A rubuta shekaru da unguwa da ruwan da gidan ke sha, ban da suna.

Malamar Jinya: Laraba ba ni da aikin safe, Baba. Zan zo.

Uwar Tagwaye: A ɗauki randar gidana ta zama ta biyar ɗin. Anti, ranar Larabar zan kawo ta da kaina ki fara da ita. Tun ɗazu take tsaye a kaina tana tambaya wai ko in an canja ruwan haƙoran za su koma fari. Me zan ce mata?

Malamar Jinya: Ki faɗa mata gaskiya, Yaya. Waɗanda suka fito ba za su koma da kansu ba, amma likitan haƙori yana iya goge tabon ko ya rufe shi in ta ƙara girma. Na can ciki da ba su gama ginuwa ba, da na tagwaye gaba ɗaya, su ne za a iya tsarewa yanzu. Ku zo ƙarfe takwas, kafin a shiga aji.